Jinin Malama

Mai Ƙwai ya ɗaga murfin firiza, hayaƙin sanyi ya taso ya rufe masa fuska, ya zaro akwatin da aka ce a yi aikinsa yau. Hannunsa ya san aikin, don haka bai tsaya neman shawararsa ba. Tun da ya dawo aiki a farkon makon nan haka abin yake: hannu na yi, ƙafa na tafiya, baki na amsa gaisuwa, shi kuwa yana can gefe yana kallonsu kamar ba nasa ba.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa wannan suna, saboda shi ne ke huda ƙwai da allura ya zuba ƙwayar cutar mura a ciki ta hayayyafa, don a samu abin yin gwaji. Sunan ya bi shi har sababbin ma'aikata ba su san yana da wani ba. Sabuwar allurar rigakafin mura ake gwadawa a ginin, a jikin mutane a hawan ƙasa, a jikin kaji kuma a rumfar da ke baya. A ɗebi jinin mutum kafin a yi masa allura, a sake ɗiba bayan wata guda, a hau da shi sama a duba ko jikin ya koyi faɗa da cutar. Kwalaben ba su da suna, lamba ce kawai. Na ƙasa sun san suna ba sa ganin sakamako, na sama suna ganin sakamako ba su san suna ba. Dakta, shugabar binciken, mace ce mai fara'a, amma a kan wannan doka ba ta da uwa ba ta da uba. Duk jinin da mai gwaji ya san mai shi, sakamakonsa ya tashi a banza, soke shi ake yi.

Ya buɗe akwatin. 'Yan kwalabe ne na roba, kowace ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa ba, a jere uku-uku, kowace lamba da nata ukun, ruwan ciki ya daskare ya yi rawaya-rawaya. A layi na biyu daga ƙarshe kwalba ɗaya ce tak, ramuka biyu na gefenta babu komai. Ko rabi ba ta kai ba, kuma ruwanta ya ɗan yi ja.

Bai buƙaci karanta lambar ba, ai da hannunsa ya rubuta ta.

Matarsa malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, shi ma Malama yake ce mata, har a gida. Ba shi ya sa ta shiga binciken ba. Takardar neman masu sa kai ta gani a bakin ƙofa wata rana da ta biyo masa, ta ce, "Shekara da shekaru ina wanke riga mai ƙarnin ƙwai, bari dai in ga abin da kuke yi da idona." Sai dai jijiyoyinta ɓoyayyu ne, duk zuwa sai nas ta huda hannu biyu kafin ta samu ɗan abin da ba a rasa ba. Jininta na farko ya ƙare ƙarƙaf a gwajin farko, ya jefa kwalbar a kwandon shara ko a jikinsa. A lokacin ai mai jinin tana gida tana duba takardun yara.

Ranar ɗiba ta biyu ta makara, sai da aka tashi daga makaranta ta zo, an riga an hau da jinin kowa. Nas ɗin ta hau da nata da kanta, tana haki tana dariya, ta miƙa masa. "Ungo na madam ɗinka, yau ma ta ba ni wuya. Iyakar abin da na samu ke nan." Tana rufe baki ta gane abin da ta yi, ta dafe kai. Shi ma dariya ya yi, ya ce kada ta damu, kafin gobe ya manta lambar. Ba wanda ya gaya wa Dakta.

A motar haya da za su koma gida Malama ta zungure shi da gwiwar hannu. "To, nawa na ci?"

"Ba a faɗa."

"Ba a faɗa? Ni da nake raba wa yara takardunsu kafin a tashi? Ku kam an yi mugayen malamai. A sha jinin mutum, a hana shi makinsa."

"Ni ma ba zan sani ba."

"Ƙarya kake, Mai Ƙwai. In ya fito ka gaya min, na san ma na fi kowa."

Ba a yi mako biyu ba wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta a mararrabar da ke gaban makarantar, ta bi ta kan Malama.

Mutane sun yi ta yaba haƙurinsa. Wallahi ba haƙuri ba ne, shi ya sani. Yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe a zaune a kanta, a tsunkule ta ba ta ji, haka dukan jikinsa ya koma. Ya amshi gaisuwa, ya sa hannu inda aka nuna masa, ya ci abin da aka ajiye a gabansa. Ya yi ta jiran kukan ya zo, kukan bai zo ba, har ya gaji ya daina jira.

Yanzu ma da yake kallon kwalbar bai ji komai ba. Tunani ne kawai ya zo masa, a miƙe, kamar lissafi. Duk abin da ya rage na Malama a bayan ƙasa, wanda daga jikinta ya fito, shi ne ɗan wannan. In ya gwada shi, ya ƙare. Amma akwai hanya: jinin da ya yi kaɗan ana iya rubuta masa "bai isa ba", a mayar da shi can ƙasan firiza inda ake ajiye irinsa, ya shekara goma ba wanda ya waiwaye shi. Kullum da safe zai shigo ya san tana nan. Ba laifi ba ne, ba sata ba ce, aikin ne ya yarda da haka.

Ya zaro kwalbar, ya rufe ta a tafin hannunsa na hagu, ya juya zai ɗauko biro.

"Mai Ƙwai! Ga jinin saurayina na kawo maka, da zafinsa."

Uwar Kaji ce, likitar dabbobin da ke kula da rumfar baya, ta turo ƙofa da ƙugu tana riƙe da kwalbar jinin zakara. Da jajayen ƙwayoyin jinin kaza ake karanta gwajin, don haka duk ranar aiki sai ta kawo sabo. Mace ce mai jiki da murya, ba ta iya shiga ɗaki a hankali ba, kuma tun da aka yi rasuwar ta ɗaura wa kanta aikin sa shi dariya.

"Yau sai da ya sare ni. Duba nan." Ta nuna masa bayan hannunta. "Ni da nake ba shi abinci, ni yake sara. Namiji ke nan ko a kaji. Kuma ka gaya wa Dakta, kajina da aka yi wa allurar nan duk sun tashi da garkuwa, ba mai ko atishawa. Mutanenku na ƙasa ne ke ba mu kunya."

"Zan gaya mata."

"Ka karya kuwa?"

"Na karya."

"Da me?"

Ya tsaya yana tunani, bai tuna ba. Ta dube shi, ta buɗe baki za ta yi magana, sai wayar bango ta yi ƙara. Ba a shiga ɗakin gwaji da wayar hannu, a kabad ɗin waje ake barin ta, don haka mai neman mutum da gaggawa sai ta nan. Uwar Kaji ta ɗauka ta miƙa masa. "Yayarka ce." Ta ajiye jinin zakaran ta fita.

Yayarsa ce ta tare a gidan tun ranar, tana kula da Auta, 'yarsa mai shekara goma sha uku.

"Ba wani abu ba ne, kada hankalinka ya tashi," in ji Yaya. "Yarinyar nan ce yau ma ta ƙi zuwa makaranta."

"To."

"To? Abin da za ka ce ke nan? Tana ɗaki ta rufe ƙofa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na gaji."

"A bar ta ta huta."

"Ba hutu take nema ba. Jiya ta ce min, wai Baba ya manta da Mama ne? Ta ce tun da aka yi abin nan ba ta ji ka ambace ta ba ko sau ɗaya. Kai ɗin ma ban gane maka ba. Ka shigo, ka ci, ka kwanta, ka tashi, kamar baƙon da ya kama haya. Ba na ce ka zauna ka yi ta kuka ba, amma ka yi mata magana mana. Uwarta ce fa."

"Na ji, Yaya."

"Kullum ka ji."

Ta ci gaba. Ta yi maganar famfon bayi da ke zuba, da malamin da ya zo tambayar Auta, da maƙwabciyar da ta aro tukunya ba ta dawo da ita ba. Yana ta cewa to. Ba ya jin haushinta, ba ya jin kunya, yana dai tsaye yana kallon agogon bango yadda dogon hannun ke tsalle. Da ta gaji ta kashe.

Ya mayar da kan wayar. Sai a lokacin ya tuna da hannunsa na hagu. Ya buɗe shi.

Ƙanƙarar ta tafi. Ruwan na motsi a cikin kwalbar, ya ɗan karkata ta, ya bi gefe ya dawo. Haka suke narkar da jini kullum in suna sauri, a dunƙule shi a hannu, ɗumin jiki ya yi aikin. Hannun bai tambaye shi ba, abin da ya saba ya yi.

Dokar Dakta ta biyu kuwa kowa ya haddace ta: abin da ya narke ba ya komawa firiza. Ko a gwada shi yau, ko a zubar.

Yana tsaye a haka Dakta ta shigo, tana ɗaura takunkumi. Ta leƙa hannunsa. "Wannan ɗan mitsitsin? Na ɗauka za ka ajiye shi gefe. To, tunda ka narkar, zai isa?"

"Layi ɗaya zai yi. Babu na maimaitawa."

"Sai ka lallaɓa shi, ba mu da wani." Ta gyara gilashinta. "Malam, in ka ji aikin ya yi maka nauyi, ka tafi gida. Ba wanda zai ce komai."

"Ba nauyi, Dakta."

Da ta wuce ofishinta ya dubi aljihun rigarsa. Zai iya sa kwalbar a ciki, ya rubuta ta zube. Sai kuma me? Ya kai ta gida ya sa a firij, tsakanin tumatir da ragowar madara, kafin jibi ta lalace ta yi wari. Ya ga abin a ransa sarai, bai ji ƙyama ba, bai ji tausayi ba, ya dai ga ba shi da kai. Kuma mai abin ta ce a gaya mata makinta.

Ya jawo kujera ya zauna.

Farantin gwajin farin roba ne mai ƙananan ramuka a jere, kowane mutum da layinsa. Akan sa jinin a ramin farko, a ɗebi rabi a kai na biyu a tsarma, a ɗebi rabin wannan a kai na uku, haka har ƙarshen layi, kowane rami ya fi na bayansa ruwa-ruwa. Sannan a ɗiga ƙwayar cutar a kowanne, a bi da jinin kaza. Inda jinin mutum ya fi ƙarfin cutar, jinin kazar sai ya kwanta a gindin rami ya yi jan ɗigo kamar kan ashana. Inda cutar ta yi rinjaye, sai ramin ya dame ya yi hazo. Iya nisan da ɗigon ya kai a layi, iya ƙarfin garkuwar mai jinin.

Ya fara da na sauran mutane, ya bar nata ƙarshe. Ya bi da shi ta duk matakan da aka saba, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo zuƙa, ya kafa bakin abin ɗigawa a gindin kwalbar ya karkata ta, ya zuƙe har ɗigon da ya maƙale a gefe. Ya ɗaga ta a haske, babu komai sai ɗan danshi. Ya taka kwandon shara, murfin ya buɗe, ya sake ta ta faɗa kan 'yan uwanta. Ƙararta ɗaya da ta kowace kwalba.

Sai an ba farantin lokaci kafin a karanta. Ya cire safar hannu ya tafi ɗakin shan shayi. Uwar Kaji na can, ta tura masa kofi da rabin burodinta ba ta tambaye shi ba. Tana ba masu share-share labarin wata kaza da ta tsere daga rumfa ta shiga ofishin akanta mai lissafin kuɗi ta yi masa ƙwai a kan kujera, suna ta shewa. Ya ci burodin. Da kwali aka ba shi ma, haka zai tauna. Ta taga yana hango layin masu sa kai a ƙasa, kowa da auduga a lanƙwasar hannu. Wata mata na yi wa mai gadi faɗa a kan wani abu, tana nuna shi da jaka. Ya kalle ta har ta shige.

Da ya koma, Dakta ta riga shi, tana tsaye a kan farantan da biro a hannu. Ita ke karantawa, shi ya rubuta, haka suke yi.

"Wannan rami uku. Wannan huɗu, ba laifi. Wannan ko ɗaya, Allah sarki, kamar ruwa muka yi masa allura da shi. Wannan biyar." Ta matso da faranti na ƙarshe, ta bi layukan da bakin biro, ta tsaya. Ta cire gilashi ta goge da gefen riga ta mayar. "Kai! Zo ka gani."

Ya matso. Layi na biyu daga ƙasa, jajayen ɗigo ne reras, tun daga ramin farko har na ƙarshe, ba hazo ko ɗaya. Da farantin ya fi haka faɗi, da sun ci gaba.

"Ba ɗan mitsitsin nan ba ne?" in ji Dakta. Ta karkata farantin don ta tabbatar, ɗigon suka gangaro siri-siri, kowanne da ɗan jelarsa, yadda na gaskiya ke yi. Ta yi dariya, irin wadda ba a cika ji daga bakinta ba. "Tun da muka fara ban ga irin wannan ba. Wannan mutumin bana mura sai dai ta hango shi daga nesa. Kira min Uwar Kaji ta zo ta ga an kayar mata da zakaru. Kuma a gaya wa na ƙasa, mai wannan lambar kada su kuskura ya ɓace mana. Bayan wata shida ina son jininsa, ko da mota za a je a ɗauko shi."

Mace ce, Dakta. Maganar da ta zo masa baki ke nan. In ya faɗa, za ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, kafin a tashi an ja layi a kan lambar, Malama ta fita daga binciken kamar ba ta taɓa miƙa hannu ba. Ya haɗiye.

"To, Dakta."

Ya rubuta sakamakon a gaban lambar, ya zagaye shi kamar yadda suke yi wa wanda ya fi kowa a rana. Dakta ta ɗauki hoton farantin, ta fita tana ƙwala wa Uwar Kaji kira tun daga baranda.

A nan ne wani abu ya motsa masa a ƙirji, abu na farko tun ranar mararraba. Ba baƙin ciki ba ne. Alfahari ne, tsantsarsa, mai ɗumi, irin na mijin da matarsa ta kayar da kowa a gaban jama'a. Shegiyar baki, ashe da gaskiyarta! Ya ji bakinsa na murmushi. Ya tuɓe safar hannu, ya wanke hannu sama-sama, ya fita da sauri zuwa kabad, ya zaro wayarsa. Yatsansa ya san inda sunan yake. Ya kara a kunne yana shirya yadda zai ja mata rai kafin ya faɗa.

Sai da ta yi ƙara sau biyu ya tuna.

Bai kashe ba, hannun ya ƙi. Ya jingina da bango, yana jin ƙarar na tafiya can wani wuri. Sai aka ɗauka.

"Baba?"

Muryar Auta ce, a dishe. Ashe wayar na wurinta, ashe ita ke sa mata caji.

"Baba, lafiya? Wayar Mama ka kira."

Wani ma'aikaci ya wuce da tiren ƙwai, ya gaishe shi. Shi kuwa ya sulale ya zauna a ƙasan baranda da farar rigarsa.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji, Auta." Muryar ba irin tasa ba ce. "Sakamakon mamanki ne ya fito."

Yana jin numfashinta a cikin wayar.

"Nawa ta ci?" in ji yarinyar.